Gara a Ce Aljanu Ne

Ku matso kusa, 'yan uwana, don abin da zan faɗa yau ko aminiyata ban taɓa faɗa wa ba. Ku da ba ku san fuskata ba kun fi min sauƙi.

Sunana Mardiya, 'yar Malam mai Islamiyya a Batsari, shekarata ashirin da huɗu, ina koyar da 'yan aji biyu a makarantar mahaifina. Kuma ni ɗin nan da nake ba yara izinin zagawa, ni ba na jin fitsari. To, na faɗa. Mai dariya ya yi yanzu ya gama, mu ci gaba.

Shekara ɗaya da rabi ke nan muka je biki Tsaskiya. A hanyar dawowa mai babur ɗin da ya ɗauko ni ya ji ƙarar babura a bayanmu, ya ɗauka mutanen daji ne, ya murɗe hannu iya ƙarfinsa. Ashe 'yan rakiyar amarya ne. Muka afka kwazazzabo, na sauka da ƙugu a kan dutse. Wata biyu ina kwance, na miƙe, na taka, Inna ta yi sadakar waina aka ce na warke sarai. Ƙafafu kam sun warke. Amma tun daga ranar mafitsarata ta daina yi min magana. Ta cika ba ta faɗa, sai dai in duba in ga aiki ya riga ya gudana.

Sai na koma rayuwa da agogo. Duk bayan awa biyu wayata ta yi ƙara, in tashi in zaga, ko da me nake yi. Ruwa da awo nake sha. Jakata kullum da auduga, da zani na biyu, da kwalbar humra. Atamfofina masu haske duk na ninke su a ƙasan akwati, na koma ruwan ƙasa da baƙi-baƙi, har matan unguwa suna yaba min wai na san girman gidan malamai.

Mu uku muka san zancen a gida. Inna tana kiransa “sanyi”. Baba kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, duk Laraba yana zaure yana karantar da samari babin alwala da murya har bakin titi, yana bayanin hukuncin wanda fitsari ke zubo masa ba da saninsa ba, dalla-dalla, har da misalai. In ya shigo gida muka haɗu a tsakar gida sai ya kalli bango ya ce, “Ya larurar nan?” Hukuncin sallata ma a takarda ya rubuta, ya ba Inna, Inna ta ba ni.

Sai ga Abdulkahar.

Ɗan Safana ne, malamin lissafi a sakandare, dogo, mai hular da ba ta taɓa karkacewa ba. Duk Asabar bayan la'asar yake zuwa zance, ya tashi kafin rana ta yi ja saboda hanya. Ina sonsa, kada ku ga ina zolaya ku ɗauka wasa nake. Ina sonsa son da in na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida sai ludayi ya faɗi daga hannuna.

Ranar farko da wayata ta yi ƙara muna tsakiyar hira, na miƙe zumbur na ce, “Ina zuwa.” Na dawo na tarar yana murmushi.

“Kin san abin da ya fi burge ni da ke? Tsari. Mace mai sa wa kanta ƙararrawa! Azkar ne ko?”

Na sunkuyar da kai. Shi ya ɗauka kunya ce, ni kuwa tabarma nake dubawa.

Da ya isa gida ya turo saƙo: “Samun irinki a wannan zamani sai an tona. Komai naki da lokacinsa.” Na karanta shi a bayi, ƙararrawa ta sake kai ni.

Wata takwas muna haka, har aka ce iyayensa za su zo sa rana Asabar ta ƙarshen wata. Nan hankalina ya tashi. Na sami Inna tana tankaɗe a gindin turmi.

“Inna, ni fa zan gaya masa.”

Ta ajiye rariya. “Ki gaya mashi mi?”

“Gaskiya.”

“Gaskiyar gidanku! Ke kaɗai ce mai gaskiya a Batsari halan? In an ɗaura ya gani da idonshi, lokacin ya zama sirrin ɗaki, ba mai ji. Yanzu ko kika buɗe baki, kafin magariba har ƙauyen Yasore an ji.”

“To in ya ce an yaudare shi fa?”

“Ya faɗa yana mijinki. Miƙo min kwaryar can.”

Ana cikin haka Dakta Rahmatu ta kira. Ita ce likitar da ke duba ni a babban asibitin koyarwa na birni, kuma ita kaɗai ce a duniya take kiran ciwona da sunansa ba tare da ta kalli bango ba. Ta ce suna wani bincike, sun samu na'urar da ke auna ko saƙon da jijiyoyin mafitsara ke aikawa yana isa ƙwaƙwalwa. In na yarda in zo ranar Talata. Ta turo sharuɗɗa a waya, na karanta wa Inna. Na farko: a wanke kai tas, ba mai, ba kitso.

“Ba kitso?” in ji Inna. “Ɗiyata ta shiga birni gaban likitoci da tsefaffen kai kamar mai takaba? Su dai sun faɗi nasu.”

Ranar Litinin ta kirawo mai kitso. Shuku aka yi min, ƙanana-ƙanana, tun hantsi har azahar, aka bi kowane layi da man kitso har yana ɗiga a wuya. Na yi magana, Inna ta ce ai ƙasa za su duba, ina ruwansu da sama.

Ranar Talata muka isa asibiti ni da Inna, Dakta Rahmatu ta ɗaga ɗankwalina, ta kalli shukun nan, ta juya ga Inna.

“Mama, wallahi kitso ya yi kyau. A tsefe shi.”

Awa ɗaya da rabi Inna ta yi a kan bencin asibiti tana tsefe aikin jiya da tsinken tsintsiya, tana mita ƙasa-ƙasa. Muka je famfo aka wanke da sabulu sau uku. Gashina ya bushe ya tashi tsaye, kowane sili ya kama gabansa. A kan wannan aka ɗora min wata hula mai kama da raga, duk jikinta 'yan maɓallai, aka ɗura wani abu mai sanyi da yauƙi a ƙarƙashin kowanne don ya kama fatar kai. Daga kowane maɓalli siririyar igiya ta fito, ja da shuɗi da rawaya, suka haɗu suka zubo ta bayana.

Sai Dakta ta ce, “Kafin mu fara, je ki zaga. Bayin yana ƙarshen baranda. Riƙe igiyoyin a hannu, kada su jiƙe.”

Hijabi ya ƙi shiga a kan hular. Na yafa gyale, shi ma ya ƙi zama. Na fito, gashi ya leƙo ta kowace kafa, igiyoyi a hannuna, Inna a gefena. Taku goma muka yi.

“Lah! Inna? Mardiya?”

Anti Safiyya. Yayar Abdulkahar, uwa ɗaya uba ɗaya, ta kawo mijinta ganin likitan ido. Duk faɗin birnin Katsina, 'yan uwana, sai barandar nan.

Ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta sake komawa sama ta tsaya a can. A bayanmu kuwa akwai allo a jikin ƙofa, an rubuta Sashen Mafitsara da manyan baƙaƙe. Ban taɓa sanin Inna tana da sauri haka ba. Ta ja da baya ta jingina da ƙofar, ta baza hijabinta ta rufe allon ruf.

“Subhanallahi, mi ya same ta?” in ji Anti Safiyya.

“Ƙwaƙwalwa ce!” Inna ta faɗa da ƙarfi, har da fara'a. “Gwajin ƙwaƙwalwa ake mata. Kai ne kawai, ba wani wuri ba. Kai!”

Na buɗe baki, Inna ta taka min ƙafa. Anti Safiyya ta ja baya kaɗan, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ce Allah ya sa kaffara ne, ta tafi tana waiwaye. Kafin ta sha kwana na ga waya a kunnenta.

Bari in gaya muku gwajin, tunda saboda shi na zama abin da na zama a Safana.

Na kwanta rigingine, aka lulluɓe ni da zani. Dakta da wata nas mace, su kaɗai. Aka saka min siririyar roba ta hanyar fitsari, irin wadda ake sa wa marasa lafiya, sai dai wannan a bakinta akwai 'yan ƙarafa biyu ƙanana masu sakin lantarki. Ba daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba, amma kunyar ta fi zafin. Aka zuba ruwa daidai awo a mafitsarar.

“Zan riƙa ƙara wutar kaɗan-kaɗan,” in ji Dakta. “Da kin ji wani abu, ko yaya yake, ki ce min.”

Ban ji komai ba.

“Yanzu fa?”

“Babu.”

“Yanzu?”

“Babu, Dakta.”

Ta ƙara, ta ƙara. Ni dai ina kallon silin ina jin hawaye yana gangarawa cikin kunnena, don na san abin da “babu” take nufi. Can sai na ji wani ɗan abu, nesa, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta.

“Na ji! Kamar na ji!”

“Madalla. To rufe ido, saki jikinki, kada ki cije haƙora, kada ki yi motsi. Hular nan har taunar haƙori tana ji.”

Aka yi ta ƙwanƙwasawa, ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaruruwa. Dakta ta ce ƙwaƙwalwa gidan hayaniya ce, amsa ɗaya ba ta fitowa fili, sai an tara da yawa kwamfuta ta tace. Ni kuwa aka ce kada in yi tunanin komai, sai na yi ta tunanin Anti Safiyya.

Da aka gama ta juyo min da fuskar kwamfutar. Wani layi ne yake tafiya, ya ɗan nutsa, ya ɗan taso, ya wuce.

“Kin ga wannan ɗan kwarin da ɗan tudun? Ƙwaƙwalwarki ce ta amsa. A mai lafiya yakan zo da wuri, kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma ya fi wannan girma. Naki ya makara, kuma ya raunana. Amma ya zo, Mardiya. Hanyar ba ta yanke gaba ɗaya ba.”

“Zan warke ke nan?”

“Ban ce ba. Bincike ne, mu ma koyo muke, ba zan sayar miki da abin da ba ni da shi ba. Abin da na ce shi ne akwai abin da za mu yi aiki a kai.”

Na yi kuka sosai, kukan daɗi, da hular a kaina. Shekara ɗaya da rabi ina zaton rabin jikina ya yi ƙaura ya bar ni, ashe yana nan yana kira, murya ce ba ta kai ba. Ta buga min layin a takarda, na ninke na sa a jaka.

Kwana uku Abdulkahar bai kira ba. Mutumin da ke tambayata ko na ci abinci sau uku a rana. Ranar Juma'a saƙo ya shigo: “Ya jiki? Kina dai yawaita azkar ko? Kada ki riƙa zama ke kaɗai.”

Labari kuma ya dawo mana daga Safana ta bakin mai kawo mana nono, ya yi ƙiba a hanya. An ce an gan ni a asibiti an ɗaure min kai da igiyoyin lantarki. An ce mutum huɗu ne suka danne ni. An ce tun faɗuwar Tsaskiya na taka ɗan aljani a kwazazzabo, shi ya sa ana cikin hira nake miƙewa zumbur in shige gida, su ne suke kirana.

Na faɗa ɗakin Inna. “Kin ji abin da kika ja min? Mahaukaciya ake ce min!”

Inna tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Wallahi har wani sauƙi na gani a fuskarta.

“Gara haka.”

“Gara haka, Inna?”

“Gara a ce aljanu ne. Aljanu kowa na iya gamuwa da su, har ɗiyan manya. A yi ruƙiyya, a ce sun fita, a sha biki. Wancan fa? Wa zai ci tuwonki? Wa zai yi salla a ɗakinki? Ke yarinya ce, ba ki san mutane ba.”

Abin da ya fi ba ni haushi, na kasa ce mata ƙarya take yi.

Asabar bayan la'asar na ji babur. Na sa doguwar riga ruwan toka, na ɗaura ɗankwali a kan kan da har yanzu ba kitso, na zaga don kada a katse ni, na ɗauki takardar Dakta. Inna ta tare ni a ƙofar ɗaki ta ce, “Mardiya, ki rufa mana asiri.” Na ce to. Ban faɗa mata wanne ba.

Yana zaure, ya zauna can ƙarshen tabarma, leɓensa yana motsi. A gabansa leda: man habbatus sauda, garin magarya, da turaren da ake cewa aljanu ba sa so.

“Hajiya ta ce a kawo miki,” ya ce. Hajiya mahaifiyarsa ke nan. “Kuma ki kwantar da hankalinki. Na tsaya a kan maganata. Na gaya musu ko su nawa ne a kanki, ni ina so. Hajiya ta yi kuka, amma ta yarda. Ta ce ƙaddara ce, ba laifinki ba ne.”

Kun ji fa. Na so in rungume shi, na so in kwaɗa masa ledar.

“Malam Abdul, ba ni da aljanu.”

Ya gyaɗa kai a hankali. “An ce dama haka za ki ce.”

“Ka saurare ni. Fitsari ne.”

Na faɗa masa duka. Dutsen, ƙararrawar, audugar da ke jakata, dalilin baƙaƙen atamfofi. Ban sassauta ko kalma ɗaya ba. Ina gamawa na ga idonsa ya sauka a kan tabarmar da nake zaune, daidai inda nake. Daƙiƙa ɗaya ce, ya ɗauke. Amma na gani, kuma ta yi min ciwo fiye da faɗuwar babur.

Na miƙa masa takardar. Malamin lissafi ne, layi ba ya ba shi tsoro. Ya daɗe yana kallo, ya tambayi mene ne kwarin, mene ne tudun, na yi masa bayani yadda aka yi min. Ya ce, “Wato yana isa.” Na ce yana isa. Ya ninke ta da kyau ya miƙo min da hannu biyu.

“Mardiya, ni ban fasa ba.”

Numfashin da na riƙe wata takwas ya fita. Na fara godiya ga Allah a zuci, har na fara tunanin kalar labulen ɗakina.

“Sai dai ki taimake ni da abu ɗaya.” Ya matso, ya rage murya. “Mu bar shi a aljanun.”

“Na'am?”

“Kin san Hajiya da tsarki. Ko jikanta ya yi a cinyarta sai ta sake wanka. Aljanun ta riga ta haɗiye su, har ta samo mai ruƙiyya, jibi za ta zo da shi. Ki bari ya yi karatunsa, a ce sun fita, a sa rana. Sauran ni da ke ne.” Ya kalli ledar. “Ba sai kin yi da yawa ba. Ko ɗan ihu ɗaya.”

Na kalle shi. Hularsa a miƙe, idonsa cike da so, yana roƙona tsakani da Allah in yi ihu. Inna ta ce in ɓoye masa, shi ya ce in ɓoye wa uwarsa, kuma gidan da za a kai ni, bayi ɗaya ne a tsakar gida, ɗakin Hajiya yana kallonsa. Duk awa biyu, har ƙarshen rayuwata, aljanun da aka ce sun fita za su riƙa wucewa ta gabanta da buta.

“In ta gane daga baya fa?”

“Lokacin kin zama tamu.”

Shi da Inna ba su taɓa zama sun yi shawara ba, amma ga shi bakinsu ya zo ɗaya.

Na zaro wayata. Lambar Hajiya tana ciki, duk Juma'a nake kiranta in gaishe ta. Ya ga sunan a fuskar wayar, ya miƙe tsaye.

“Mardiya, don Allah. Mardiya, in ta ji wannan, wallahi ban san abin da zan iya ba.”

“Ni ma ban sani ba,” na ce. Tsoro nake ji kamar in mutu. Na danna, na sa a bayyane yadda zai ji.

Ta yi ƙara sau huɗu. Aka ɗauka. Na ji ana karanto wani abu da sauri ƙasa-ƙasa, sannan muryar Hajiya ta fito a hankali, a tsorace.

“Mardiya? Ke ce, ko su ne?”

“Ni ce, Hajiya,” na ce. “Ni kaɗai ce. Ki samu wuri ki zauna, zan gaya miki ainihin abin da ke damuna.”